Ranar da Na Tono Tulu a Gindin Zogale

Ba zan taɓa mantawa da hantsin wata Alhamis ba, ranar da na tara liman da dattawan unguwarmu a bayan ɗakina don su zo su ga irin zaluncin da ake yi mini. Ba wanda ya aike ni. Da ƙafata na bi su gida-gida, har akwai wanda na tarar ya ɗaga ludayin koko zai kai baki, na ce ya ajiye, maganar da ke tafe da ni ta fi koko. Ya ajiye kuwa, ya biyo ni.

Bari in faro daga tushe. Ni mutumin Illela ne, kayan roba nake sayarwa a kasuwa: bokiti, buta, baho, jarka, duk dai abin da ake zuba ruwa a ciki. Da yawan masu sayen kayana daga tsallaken boda suke zuwa. Wannan sana'a ta sa na daɗe ina kallon kaina a matsayin masanin harkar ruwa, duk da cewa abin da na sani game da shi bai wuce mazubinsa ba. Ina kuma da wani hali da maiɗakina Kulu take kira maƙo, ni kuwa nake kiransa tattali. Mun daɗe da haƙura da daidaitawa a kan sunan.

In za a yi mini adalci, ina da hujja. Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Famfon unguwa sai ranar da ya ga dama, rijiyoyi su ja da baya har guga ya riƙa dawowa da laka, 'yan garuwa kuma su fara yanga, ka kira mutum da kurarsa ya waiwayo a hankali kamar auren 'yarsa kake nema. Shekarar da nake ba ku labari zafi ya sauka da wuri, sai na tara iyalina a tsakar gida na kafa doka. Wanka da ƙaramin bokiti, kuma kada in ji ƙarar sheƙa ruwa daga makewayi. Alwala rabin buta. Wanke-wanke a tara shi sai yamma. Na sami gawayi na ja layi a jikin duro, kullum kafin in fita sai na ɗaga murfi na leƙa. (Har yau in baƙo ya cika buta a gidana, ni yarana suke kallo, ba baƙon ba.)

Doka ta ƙarshe ita ce ta lambu. Kulu tana da ɗan lambu a bayan ɗaki, a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabcina. Akwai zogale, akwai yakuwa da tattasai, da wani lemun tsami da ta raina tun yana tsiro. Na ce daga ranar ko ɗigon ruwan duro ba zai je wurin ganye ba, don ba za a bar mutane da ƙishirwa a shayar da itace ba. Ta dube ni, ta dubi wajen lambun, ta ce ta ji. Na ji daɗin yadda ba ta yi gardama ba, har na yaba wa kaina a zuci da iya riƙon gida.

Maƙwabcin nan nawa sunansa Malam Arzika. Tela ne, mutum mai sanyin magana, wanda in ya gaishe ka sai ka matsa kusa kafin ka ji. Iyayenmu ma maƙwabtan juna ne, a kan wannan katanga muka tashi ni da shi. Abin da ya shiga tsakaninmu kwata ce. Ruwan da muka gama amfani da shi yakan fita ta rariya, ya bi gangare, ya je ya kwanta daidai ƙofar zauren da yake ajiye keken ɗinkinsa. Masu kawo ɗinki sai sun tattare riga sun tsallaka. Ya sha yi mini magana cikin ladabi. Wata rana da na dawo kasuwa raina a ɓace ya sake tuna mini, sai na ce masa ruwa dai gangare yake bi, kuma ba ni na zaɓa masa wurin zama ba.

Sai ya ce, "Ba komi, maƙwabci. Akwai lokaci."

Daga nan gaisuwarmu ta koma ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa.

Ba a jima da kafa dokata ba kwatar ta bushe ƙarau. Ban tsaya tunanin inda ruwan ya koma ba, na ɗauka tsananin tattalina ne ya sa babu ragowar da za ta fita. Sai na koma mai wa'azin ruwa a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Duk wanda ya koka da 'yan garuwa sai in gyara zama in ce ya zo gidana ya ga tsari. Mutane suka fara tashi in sun ga na gyara zama.

To, a daidai wannan lokaci ne abubuwa suka fara rikice mini. Aka tsananta a boda, masu saye suka ɗauke ƙafa, sai in wuni ina kore wa bokitai ƙuda. Gwiwata ta dama ta kama ciwo. Mashin ɗina, wanda bai taɓa ba ni kunya ba, ya tsiri mutuwa, kuma ba ya mutuwa a ko'ina sai daf da ƙofar Malam Arzika. (Daga baya bakanike ya ce man da nake sa masa ne ba ya kai shi gida, amma wannan bayani bai zo mini a lokacin da ya dace ba.) Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne lambun. Gari duk ya ƙone, ko ciyawar bakin rijiya ta mutu, amma zogalen Kulu sai sheƙi yake yi, yakuwa tana ta fitar da sabon ganye. Na duba layin duro safe da yamma, ruwa bai taɓa sauka fiye da ƙa'ida ba.

Za ku ce me ya hana ni tambayarta. Nima na sha yi wa kaina wannan tambaya. Gaskiyar ita ce, mutumin da ya kafa doka ba ya son ya ji ta inda aka zagaye ta, musamman daga bakin wadda ya kafa wa. Sai na kai maganar majalisa, a matsayin labarin wani abokina. A majalisar akwai Labbo, dillalin awaki, wanda ba a taɓa ba da labari a gabansa bai san wanda irinsa ya faru da shi ba. Ya saurara, ya kaɗa kai.

"Icce ba ya yin kore banza," in ji shi. "In ba ruwa anka ba shi ba, to wani abu anka ba shi."

Ya kawo labarin wani mutumin Garu da kasuwarsa ta mutu, ƙafarsa ta kumbura, ashe tukunya aka binne masa a gida. Na shafa gwiwata.

Ranar Alhamis ɗin Kulu ta kwashi yara da sassafe za su suna ƙauyen Gidan Katta. Gida ya zama nawa ni kaɗai, sai na zagaya bayan ɗaki da niyyar kama jarkar da nake zargin an ɓoye. Ban ga jarka ba. Ina cikin tura busasshen ganye da ƙafa a gindin zogale, sai na ji na taka wani abu ya yi ƙara. Sakaina ce a kife. Na ɗaga ta, sai ga bakin tulu, an binne shi har wuya, an ɗaure bakin da jan tsumma. A kan tsumman akwai gutsuren gawayi, da ɓawon ƙwai, da ƙwayoyin shinkafa. Na sunkuya sosai, sai na ga gashi, gajeru, wasu baƙi wasu fari. Hannuna ya tafi gemuna da kansa.

Na ɗaga kai, ga katangar Malam Arzika, ko taku biyu babu. Maganarsa ta akwai lokaci ta dawo mini sabuwa fil. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi da ban faɗa wa kowa ba sai yau: ashe mutuwar kasuwata da ciwon gwiwata duk ba laifina ba ne, akwai mai laifi, kuma mutumin da na riga na yi wa rashin kunya ne, wato ma tun farko ina da gaskiya.

Liman na fara zuwa wa. Dattijo ne mai haƙuri, ya bar ni na gama haki, sannan ya ce, "Wagga magana babba ta. Ka tabbata da abin da kag gani?" Na ce da idona na gani, da ƙafata na taka. Ya ba da shawarar mu je mu biyu kawai mu duba a asirce, kafin sunan kowa ya fita. Na ƙi. Na ce abin da aka yi mini a ɓoye a sarari za a tone shi. Allah Ya ba ni ƙofar fita da girmana a wannan lokaci, na sa ƙafa na rufe ta da kaina.

Kafin rana ta yi zafi bayan ɗakina ya cika. Da yake ba mata a gidan, kowa ya shigo kai tsaye, har da waɗanda ban gayyata ba. Labbo yana sahun gaba. Aka aika aka kira Malam Arzika, ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, yana tambayar ko lafiya. Na tsaya a kan tulun na yi jawabi. Na faro daga kwata, na bi ta kasuwa da gwiwa, na sauka a kan mashin. Ban kama suna ba, amma duk jimlar da na gama sai in dubi katanga, sannan in dubi mai katangar.

Liman ya yi addu'o'insa, ya ce a tono a gani. Na ɗauki fartanya da kaina. Tulun bai fito da sauƙi ba, don saiwoyin zogalen sun nannaɗe shi ta ko'ina, sai da na sassare su. Labbo ya ce a duba, abin har ya kama ƙasa. Ana cikin haka wani ya tura ganye a gindin yakuwa, sai ga wata sakaina. Wani ya duba wajen tattasai, ga wata. Gindin lemun tsami ma akwai. Duk wanda aka gano sai jama'a su yi salati, ni kuma in ƙara miƙewa, har na manta gwiwata tana ciwo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tonowa ina fasawa da ƙeyar fartanya, ruwa mai ɗan duhu yana malala. Wani tsoho ya sunkuya ya shinshina, ya ce shi dai ƙamshin ruwan wankin shinkafa yake ji. Aka ce masa ai haka suke yi don a ɓatar da sawu.

Da na gama da lambun, wanda yanzu ya koma kamar wurin da aka haƙi ƙasar gini, sai na juya na kama suna. Na ce in Malam Arzika ba shi da hannu, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a.

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, kuma karo na farko a rayuwata na ji muryarsa ba tare da na matsa kusa ba.

"Maƙwabci, ubana da ubanka sahu guda sunka yi salla har Allah Ya karɓi abinai. Yau ni kat tara ma jama'a?"

Maganarsa ta taɓa ni, amma mutane suna kallo, kuma na riga na yi nisa. Na kau da kai. Ya ce to, a kawo Littafin, a ba shi ruwa ya yi alwala. Na je duro na ɗebo masa. Ina jin kunyar faɗa, amma tunda na ɗauko gaskiya bari in sauke ta duka: rabin buta na zuba. Hali zanen dutse.

Ya tsuguna a gefen lemun tsamin ya fara wanke hannu, sai muka ji sallama daga tsakar gida. Kulu ce. Ashe sun yi nisa ta tuna ta bar ƙullin kayan barka a kan gado, ta sauka ta hau wani mashin ta dawo. Ta ga takalma jibge a ƙofa, ta ja mayafi, ta tsaya a kusurwar ɗaki inda rabinta kawai ake gani. Daga nan ta hango lambun. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati ba. Ta bi ramukan da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta gaida liman, ta tambaya ko lafiya.

Na riga kowa amsawa. Na ce ta gode wa Allah, yau Ya tona abin da aka binne mana a gida, kuma ga mai aikin zai rantse.

"Ni nib binne su, Malam," in ji ta.

Duk mazan da ke wurin suka waiwayo suna kallona.

Liman ya gyara murya ya ce ta yi bayani. Ta yi, a natse, tana fuskantar liman kamar ba na wurin. Ta ce a wurin gwaggonta ta Kalmalo ta koya, haka take yi wa shukarta in tafki ya ja baya. Sabon tulu yana tsattsafo da ruwa ta jikinsa, in aka binne shi a gindin shuka aka rufe bakin, rana ba ta shan ruwan, saiwa ce kaɗai take tsotsa a hankali, cikawa ɗaya sai ta yi kwanaki. Ta ce ko cokali ba ta taɓa ɗiba daga duro ba. Ruwan wankin shinkafa ne da na wankin ganye, da wanda take tarawa a baho a wurin da muke alwala. Mai sabulu ba ta zubawa a ciki, da shi take yayyafa tsakar gida. Jan tsumman tsohon ɗankwalinta ne, da shi take tacewa. Gawayi don wari, ɓawon ƙwai kuma abincin shuka ne.

Labbo, wanda ba ya son a bar zance da saura, ya ce to gashin fa?

"Gemun wa ka zuba in ana alwala gidan ga?" in ji Kulu. "Ni dai ba ni da shi."

Liman ya kama tari, ya rufe baki da hannun riga, tarin ya ƙi tsayawa. Na ga kafaɗun mutane suna rawa. Da mai hankali ne a matsayina, da nan ya yi shiru. Ni kuwa sai na ga saura mini harsashi ɗaya, na ɗaga murya na ce to don me za a yi irin wannan aiki a gidana ba a sanar da ni ba?

"Na hwaɗa ma. Kana sauraren rediyo, kac ce to." Ta ɗan dakata. "Kuma kai kaɗ ɗauko su bisa mashin ran Lahadi, kana ta hwaɗa sun yi nauyi, mi ya hana in sayi na roba."

A nan komai ya dawo mini. Na tuna igiyar da na ɗaure su da ita. Na tuna yadda na riƙa kauce wa ramuka don kada su fashe, ina mita tun daga kasuwa har gida, har da sauke su da na yi ɗaya bayan ɗaya a bayan ɗakin nan da muke tsaye. Ban tambayi na mene ne ba, na ɗauka irin sayayyar mata ce. Wato na tara unguwa don a nemo wanda ya shigo da tulu gidana, alhali ni ne direban.

Na so a ce a nan ta tsaya. Amma ta ƙara magana ɗaya, a hankali, kuma ita ce ta fi duka zafi. Ta ce ba don ganye kaɗai ta yi ba. Kunyar matar Malam Arzika take ji kullum in ta ga ruwanmu kwance a ƙofarsu, shi ya sa ta nemi inda za ta riƙa kai shi don kwatar ta bushe, maza su huta da gaba.

Kowa ya juya wajen Malam Arzika. Yana tsugune, hannayensa a jiƙe har gwiwar hannu. Ya ƙarasa alwalarsa tsaf da ɗan ruwan da na ba shi, ya ajiye butar a gabana, ya gyara tef ɗinsa, ya fita. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Na tsaya da fartanya a hannu, laka har ƙauri, ina fatan ɗaya daga cikin ramukan da na haƙa ya isa in shiga.

Jama'a suka watse da sauri, kowa yana son ya riga wani kai labari. Labbo yana fita na ji yana cewa shi tun farko jikinsa ya ba shi. Liman ne ya rage. Ya ce mini jifan musulmi da sihiri ba ƙaramin abu ba ne, kuma tunda a gaban mutane na ɓata shi, a gaban mutane zan wanke shi. Na ce to, kuma wannan karon na ji abin da na amsa.

Kulu ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki ƙullinta ta tafi sunanta, ta dawo da yamma ta ba ni abinci kamar kullum. Sai dai zogalen da na sare wa saiwa ya sunkuyar da kai, yakuwa ta bi shi, tattasai ya zube. Miyar gidanmu ta koma kuka yau, kuka gobe, kuma ba ni da bakin tambaya. Mafi muni, kwata ta dawo da aiki. Ruwa ya sake bin gangare ya kwanta a ƙofar mutumin da na yi wa ƙazafi. Na ce wa Kulu ko za a nemi wata dabara, ta ce dabarar da ta sani na fasa ta da fartanya.

Na ɗau kwanaki ina zagaye ta bayan layi in za ni masallaci. A kasuwa kuwa suna ya riga ya bi ni, har mutanen tsallake in sun zo sayen buta sai su tambaya da fuskar kirki ko ina da tulu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da na ji rabin farko na labarin ya riga rabin ƙarshe isa ƙauyuka. A can abin da aka sani kawai shi ne an tono tukwane a jikin katangar wani tela a Illela. Masu kawo masa ɗinki daga Garu suka ɗauke ƙafa, har wata ta aiko a karɓo mata yadinta ba a ɗinka ba. Mutum yana zamansa, na taɓa masa suna, na taɓa masa abinci. Wannan ya dame ni ƙwarai, ya fi dariyar da ake yi mini ciwo.

Ranar da na kasa jurewa na roƙi liman ya tara mini mutanen nan dai da na tara, muka je zauren Malam Arzika bayan la'asar. Sai da kowannenmu ya tattare riga ya tsallake ruwan gidana kafin ya shiga. Na tsuguna na ce na zalunce shi, ya yafe mini don Allah. Ya ci gaba da taka kekensa har ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa, ya yanke zare, sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira. Amma yana da sharaɗi.

Na farko, in sayo sababbin tuluna in mayar wa Kulu lambunta. Na biyu, in sayo wasu in zo gidansa in binne masa a gindin gwaibarsa da mangwaronsa, da hannuna, da rana tsaka, ranar kasuwa, ƙofa a buɗe, liman yana zaune.

"Duk wanda yaj ji ana binne tulu tsakanin gidajen ga biyu," in ji shi, "ya zo ya ga mai binnewa."

Liman ya ce sharaɗi ya yi, tun kafin in buɗe baki.

Haka kuwa aka yi. Ranar Lahadi, lokacin da layinmu ya cika da masu wucewa kasuwa daga ƙauyuka, ina tsugune a gidan maƙwabcina ina haƙa rami, Kulu tana ba da umarni ta saman katanga: in ƙara zurfi, in matsa daga jikin itacen, in daina dannawa kamar mai gini. Liman yana kan tabarma da carbinsa. Yara suka cika ƙofa, manya suna leƙowa ta samansu. Duk wanda ya tambayi abin da ake yi, sai Malam Arzika ya amsa daga kan keke, ba tare da ya ɗaga kai ba, cewa maƙwabcinsa ne yake binne masa tulu, shi ne ya san kan abin a unguwar nan.

Da na ɗaure tsumman ƙarshe na kife sakaina, ya taso ya zagaya yana dubawa, hannu a baya. Ya tsaya a kan na gindin mangwaro ya ce wannan ya karkace, in tono in sake, tunda tono ba ya ba ni wuya. Na ɗaga kai na ga gefen bakinsa yana motsi. Rabon da ya zolaye ni tun kafin maganar kwata. Na tono na sake, kuma wallahi ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. In ka ga abin da ba ka gane ba a gidanka, kafin ka je wa liman, fara tambayar wadda take share gidan. In kuma ta riga ta zo da maganar kana jin rediyo, to kashe rediyon kafin ka ce to.